Duhun ƙasar Manga da hoton gajimaren taurari

A zamanin da manyan biranen duniya suka wayi gari ba su da dare, domin hasken lantarki ya shafe musu taurari, ƙasar Manga tana nan da duhunta cikakke. Masu ɗaukar hoton sararin samaniya suna ƙetare teku, suna kashe kuɗi masu yawa, don neman irin wannan duhu. Sai dai duhu kaɗai ba ya ba da hoto. Sai an san yadda ake raba saƙon haske da hayaniyar da ke lulluɓe shi, sa'an nan a san yadda za a yi da ƙura, da zafi, da halin tsaron da jahar Difa ta samu kanta a ciki.

Hayaƙin da ke cikin Oriyon

Duk wanda ya taɓa kwana a tsakar gida a Maine-Sorowa, ko a wani ƙauye na bakin Komadugu, cikin watan Nuwamba, ya san wasu taurari uku da ke jere reras, masu hawowa daga gabas bayan sallar isha'i. Su ne ɗamarar tarin taurarin da Turawa ke kira Oriyon, Larabawa su ce Aljauza'u, Abzinawa kuwa su ce Amanar. Kudu da su kaɗan akwai wasu ƙanana uku, su ma a jere. In aka ƙura wa na tsakiya ido, sai a ga ya yi dishi-dishi, kamar an busa masa hayaƙi. To, wannan hayaƙi shi ne abin da masana ke kira nebula, wato gajimaren taurari: wani makeken tarin iskar haidurojin da ƙura, inda har yanzu ake haihuwar sababbin taurari. Nisansa ya kai tafiyar haske ta kimanin shekara 1300, alhali kuwa haske na cin kilomita dubu 300 cikin sakan guda. Ke nan hasken da ya faɗo kan rairayin Manga a daren jiya ya baro gida tun wajejen zamanin sarautar Banu Umayya.

Ido ba ya ganin kome a wurin in ban da ɗan toka-toka, domin ido ba ya ajiya; abin da ya shiga cikinsa yanzu, yanzu yake zubar da shi. Kamara kuwa tana iya buɗe idonta ta yi ta tara haske minti bayan minti. Wanda ya fara gwada wannan a kan gajimaren Oriyon wani likita ne ɗan Amurka, Henry Draper, ran 30 ga Satumba 1880. Ya bar kamararsa a buɗe wajen minti 50, ya samu ɗan tabo mai haske. A 1883 kuma wani injiniya ɗan Ingila, Andrew Common, ya ɗauki hoton gajimaren daga bayan gidansa a Ealing, kusa da Landan, da madubin hangen nesa mai faɗin santimita 91. A karo na farko hoto ya nuna taurarin da ido bai iya gani ba ko da an leƙa ta cikin madubin. Dukansu biyu ba da ilimin taurari suke cin abinci ba, sha'awa ce ta sa su, kuma har yau kaso mai tsoka na wannan fanni yana hannun masu sha'awa.

Mece ce hayaniya?

Wanda ya ɗaga kamara ko wayar salula ya ɗauki sama da dare, abin da zai fara gani shi ne hoto mai ɗige-ɗige, ja da kore da shuɗi, kamar an watsa masa rairayi. Masana sun aro sunan wannan aibi daga wurin masu rediyo: suna ce masa hayaniya, shi kuwa hasken gaskiya na abin da ake nema suna ce masa saƙo. Aikin mai ɗaukar hoton gajimare gaba ɗaya bai wuce ya sa saƙo ya rinjayi hayaniya ba.

Tushen hayaniyar nan uku ne. Na farko yana cikin halittar haske kansa, domin haske ƙwaya-ƙwaya yake zuwa, kamar yayyafi, kuma ba bisa tsari ba. A bayan gilashin kamara akwai wani ɗan faranti da aka rarraba gida-gida, miliyoyin gidaje, kowane gida yana ƙidaya ƙwayoyin da suka faɗo masa. Manomin gero ya san wannan al'amari sarai: ruwan farko yakan jiƙa gonarsa ya tsallake ta maƙwabcinsa, sai damina ta yi nisa rabon ke daidaita. Lissafi ya nuna cewa gidan da rabonsa ƙwaya 100 ne yakan samu wajen 90 ko 110, wato kuskuren kashi 10 cikin ɗari. Wanda rabonsa ya kai dubu 10 kuwa, kuskurensa wajen ƙwaya 100 ne, wato kashi 1 cikin ɗari kawai. Gwargwadon yawan hasken da aka tara, gwargwadon laushin hoto.

Tushe na biyu zafi ne. Ko an rufe bakin kamara ruf, zafin jikinta yana sa gidajen nan su ƙidaya ƙwayoyin da ba su zo ba, kuma wannan ƙidayar ƙarya tana ninkuwa duk lokacin da zafi ya ƙaru da kimanin digiri 6. Na uku shi ne ɗan kuskuren da na'ura ke yi duk sa'ad da take karanta abin da gidajen suka tara. Ta fuskar kayan aiki dai an ci gaba ƙwarai. Farantan hoto na dā ba su kama fiye da ƙwaya 1 ko 2 cikin ɗari. Farantin lantarki na CCD, wanda Willard Boyle da George Smith suka ƙirƙiro a 1969, har ya jawo musu kyautar Nobel a 2009, da na CMOS da ya gaje shi, mafiya kyawunsu suna kama fiye da 80 cikin ɗari, kuskuren karatu kuma ya ragu ainun. Amma yayyafin haske yana nan yadda Allah ya halicce shi, ba kamfanin da ya iya canza shi.

Da yayyafi kogi ke cika

Maganin hayaniya na asali shi ne tarawa. Maimakon hoto guda, sai a ɗauki hotuna da yawa na wuri ɗaya, a daidaita taurarinsu kan juna a kwamfuta, a fitar da matsakaicinsu. Saƙo yana nan a gurbinsa cikin kowane hoto, saboda haka yana taruwa. Hayaniya kuwa a wannan hoton tana nan, a wancan tana can, saboda haka tana cinye kanta. Amma fa ribar ba ta tafiya daidai da yawan hotuna. Hoto 4 suna rage hayaniya zuwa rabi, hoto 16 zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, hoto 100 zuwa ɗaya cikin goma. Wanda ya yi aikin awa 1, yana so ya ninka tsabtar hotonsa, sai ya yi awa 4. In yana so ya sake ninkawa, sai awa 16, wato dare uku ko huɗu a kan abu guda.

Manyan cibiyoyin bincike ma wannan doka suke bi. A watan Disamba 1995, madubin Hubble da ke shawagi a sararin samaniya ya ƙura ido kwana 10 a kan wani ɗan gurbi da ake gani kamar babu kome cikinsa. Aka ɗauki hoto 342, aka haɗa su, sai ga galaksi kusan 3000, wato manyan garkunan taurari irin wanda rana ke ciki.

Ga ƙaramin mai sha'awa akwai sharaɗi biyu. Na farko, ya ajiye ɗanyen hoto, wanda kamara ke kira RAW, domin hoton JPEG dafaffe ne, kamara ta riga ta zubar da raunanan hasken da ake wahala dominsu. Na biyu, ya lura da juyawar duniya, wadda ke sa taurari tafiyar digiri 15 kowace awa. Kamarar da aka ɗora kan ƙafa uku kawai, da gilashi na milimita 50, ba ta wuce sakan 8 zuwa 10 kafin taurari su fara jan wutsiya. Mai irin waɗannan kaya sai ya ɗauki gajerun hotuna 200 ko 300. Wanda ya samu ƴar na'ura mai juya kamara daidai da tafiyar sama yana iya buɗewa minti 1 zuwa 5 a kowane hoto, kuma a nan ne aiki ke fara armashi.

Sheƙa da tankaɗe

Tarawa ba ta kawar da aibin da ke zaune wuri ɗaya, domin shi ma taruwa yake yi kamar saƙo. Irin wannan sai an auna shi dabam an ɗebe. Don haka ne masu wannan aiki ke ɗaukar hotunan gyara iri uku. Akwai hoton duhu: a rufe bakin gilashi, a ɗauka da tsawon lokaci ɗaya da zafi ɗaya da na hotunan sama, don a gane gidajen da ke ƙidayar ƙarya. Akwai hoton fari: a shimfiɗa farin ƙyalle mai tsabta a bakin gilashi, a fuskanci sararin asuba kafin rana ta fito, ba tare da an taɓa saitin gilashin ba, don a gane inuwar ƙura da duhun da ke bin gefen hoto. Sai hoton sifiri, wanda ake ɗauka a rufe cikin mafi gajeren lokaci, don a san inda ma'aunin na'ura ke farawa. Kowane iri ana son 20 zuwa 50, domin su ma suna da tasu hayaniya. Wanda ya ɗebe hoton duhu guda ɗaya tak, rairayi ya ƙara wa aikinsa.

Akwai kuma wata dabara mai arha: a riƙa gusa kamara kaɗan tsakanin hoto da hoto, yadda gidan da ya lalace ba zai riƙa faɗawa kan tauraro ɗaya kullum ba. Sa'an nan a wurin haɗawa a umarci manhaja ta yar da duk ƙidayar da ta yi wa ƴan'uwanta nisa. Da haka ake share layin jirgin sama da na tauraron ɗan adam, waɗanda suka yawaita tun da kamfanin SpaceX ya harba rukunin Starlink guda 60 a watan Mayu 2019; a yau dubbai ne ke ratsa sama. Manhajojin wannan aiki ba dole sai da kuɗi ba. Siril da DeepSkyStacker kyauta ne, dukansu Faransawa suka fara rubuta su, kuma ana iya sarrafa su da Faransanci, abin da zai sauƙaƙa wa ɗalibin lise na jahar Difa.

Dukiyar da ba a ƙidaya ba

A yawancin duniya, babbar hayaniya daga hasken samaniyar kanta take fitowa. Fitilun gari suna haska ƙura da tururin da ke cikin iska, wannan haske kuma yana shiga kamara da nasa yayyafin. Ana iya ɗebe hasken a kwamfuta, amma rairayinsa ya riga ya zauna. In sararin wani gari ya fi na daji haske sau 10, to mai neman raunanan gajimare a garin zai yi awa 10 kafin ya samu abin da na daji ya samu cikin awa 1. Taswirar hasken dare ta duniya da Fabio Falchi da abokan aikinsa suka fitar a 2016 ta nuna cewa fiye da kashi 80 cikin ɗari na mutanen duniya suna zaune ƙarƙashin samaniyar da lantarki ya gurɓata, kashi ɗaya cikin uku kuma ba sa iya ganin farin kogin taurarin nan da ke ratsa sama. Ƙasashen da aka samu mafiya tsabta su ne Cadi, da Afirka ta Tsakiya, da Madagaska. Jahar Difa kuwa maƙwabciyar Cadi ce, samaniyarsu guda. In mutum ya bar Maine da kilomita kaɗan, ya nufi tuddan rairayi da kwarurukan kanwa da dabino na wajen Gudumariya, ya shiga duhun da mutumin Turai ba ya samu a ƙasarsa.

Bayan duhu akwai matsayi. Maine-Sorowa tana kan digiri 13 arewa da layin da ya raba duniya biyu. Gajimaren Oriyon yana hawa digiri 72 a samanta, kusan tsakar kai, inda haske ke ratsa iska mafi ƙanƙanta. A Paris bai wuce 36 ba. Gajimare mai lamba 8 a jerin Charles Messier, wanda ke tsakiyar kogin taurari, yana kai digiri 52 a Maine, a Paris kuwa 17. Shi ko gajimaren Karina, wanda ya fi na Oriyon girma nesa ba kusa ba, ba ya fitowa ko kaɗan a nahiyar Turai, amma a Maine yana leƙowa digiri 17 ta kudu.

Wasu ƙasashe sun riga sun gane darajar irin wannan dukiya. A Namibiya, gonakin kiwo irin su Hakos da Tivoli sun mai da duhunsu abin sayarwa: baƙi na zuwa su kwana su yi hayar madubi, wasu ma su girke nasu can su riƙa sarrafa shi ta intanet daga ƙasashensu. A 2012 yankin NamibRand ya zama wuri na farko a Afirka da aka keɓe don kare duhun samaniya.

Ƙura da zafi

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Arewa maso gabas da tafkin Cadi akwai kwarin Bodele, busasshen gindin wani tsohon tafki, wanda masana ke ɗauka shi ne wurin da ya fi ko'ina tayar da ƙura a duniya. Iskar hunturu tana matsowa tsakanin duwatsun Tibasti da na Enedi, ta kwashi farar ƙasar kwarin, ta nufo kudu maso yamma, ƙasar Manga kuwa tana kan hanya. Ba banza ba aka girke na'urar auna ƙura ta cibiyar AERONET a tashar ma'aikatar yanayi ta Maine-Sorowa a tsakiyar shekarun 2000, lokacin shirin binciken damina na AMMA. Irin wannan na'ura tana duban rana ne, ta auna yawan hasken da ƙura ta tare. In ma'aunin ya kai 1, abin da ke faruwa a ranakun hazo, to kusan kashi 2 cikin 3 na hasken tauraron da ke tsakar kai ba ya isowa kai tsaye. Wanda ke ƙasa-ƙasa kuwa, kamar Karina, haskensa na ratsa iska mai kaurin ninki uku da ɗoriya, sai ya ɓace ɗungum. Abin takaici, farkon watan Maris, lokacin da Karina ke kai ƙololuwarsa da tsakar dare, hazo bai tafi ba tukuna. Mai nemansa sai ya yi dakon daren da iska ta kwanta.

Haka nan tauraron arewa, wanda da shi ake saita na'urar bin sama, digiri 13 kawai yake sama da ƙasa, sau da yawa a cikin hazo. Tsohuwar dabarar Bigourdan tana maganin wannan: a lura da yadda wani tauraro ke zamewa daga gurbinsa, a yi ta gyara na'ura har zamewar ta tsaya. Game da kayan aiki kuwa, ba a canza gilashi cikin iska, ba a goge shi da bakin rawani ko na riga, domin rairayi kankare shi yake yi. Hurawa ake yi. Hoton fari kuma sai an sake shi kowane dare, tun da ƙurar jiya ba nan ta kwana ba.

Zafi shi ma abokin gaba ne. A watannin Afrilu da Mayu rana na wuce digiri 40, farkon dare kuma yakan tsaya wajen 30. A Janairu kuwa asuba na sauka wajen 12 ko 13. Wannan tazara ta digiri 18 tana nufin ƙidayar ƙarya ninki 8. Kamarorin da aka ƙera don taurari suna sanyaya kansu da wajen digiri 30 ƙasa da zafin wuri, kuma batir mai bolt 12, irin na faifan hasken rana da ke gidaje da yawa, ya ishe su. Mai kamara ta yau da kullum sai ya kashe allonta, ya riƙa ba ta ɗan hutu tsakanin hotuna, ya jinkirta aiki zuwa bayan tsakar dare.

In aka haɗa waɗannan duka, mafi dacewar lokaci shi ne kaka, daga tsakiyar Oktoba zuwa ƙarshen Nuwamba: ruwa ya wanke sama, hazo bai yi ƙarfi ba, dare ya fara sanyi. A farkon Nuwamba Oriyon na kai tsakar kai wajen ƙarfe 3 na dare. Sai kuma daren da gari ya washe bayan ruwa a Yuli da Agusta, don gajimaren tsakiyar kogin taurari. A bakin Komadugu raɓa na sauka kan gilashi a wannan lokaci, saboda haka tudu ya fi fadama. Batun farin wata kuwa, mutanen da ke bin kwanan watan Musulunci ba sa buƙatar a koya musu: daga wajen 25 ga wata zuwa 4 ga mai kamawa, dare na mai kamara ne.

Gyaran hoto amana ne

Hoton da ya fito daga tarawa baƙi ƙirin yake, taurari ƙalilan ake gani, domin gajimaren yana ɓoye a can ƙasan ma'auni. Fito da shi yana da tsari. Da farko a yanke gefen da bai haɗu daidai ba, a ɗebe hasken gari da ya fi yawa a ɓangare guda, a daidaita launi ta hanyar gwada taurarin hoton da kundin da masana suka auna. Sa'an nan a rage hayaniya kaɗan, a wuraren duhu kawai, a kare wuraren haske. Daga nan a riƙa ɗaga raunanan haske sannu a hankali, mataki mataki. Kuskuren da sabon shiga ya fi yi shi ne ya mai da sama baƙa wuluk don ya ɓoye rairayi. Da haka yake yanke gefen gajimaren da ya kwana uku yana tarawa. Tsakiyar Oriyon kuwa haskenta ya yi yawa, sai an haɗa da gajerun hotuna na sakan 5 ko 10 kafin taurari huɗun da ke cikinta su fito. Wanda ke da hali yana iya sa rariyar haske, mai barin jan hasken haidurojin na nanomita 656 da koren hasken oksijin na 501 kaɗai su wuce. Wannan rariya tana rage illar fitila da ta farin wata, amma ba ta maganin ƙura.

A ƴan shekarun nan an fito da manhajoji masu ƙirƙirarriyar basira, waɗanda ke share rairayi cikin ƙiftawar ido. Suna da amfani in an yi da su a hankali, sai dai ya kamata a san cewa cikon da suke yi hasashe ne daga hotunan da aka horar da su a kai. A watan Maris 2023 an yi ta muhawara bayan wani mutum ya dusashe hoton wata da gangan a allon kwamfuta, ya ɗauke shi da wayar Samsung, sai wayar ta fito masa da ramukan da babu su a allon. Kamfanin ya yi bayani cewa wayar tana gane wata, ta kuma ƙara masa fitowa da basirar na'ura.

Ga kuma misali na ɗaya ɓangaren. Tun a shekarar 964 Abdurrahman Assufi ya ambaci wani ɗan gajimare a littafinsa na taurari, wanda daga baya aka gane galaksi ne, ake kiransa Andromeda. Yana cikin wuraren sama da aka fi ɗauka hoto. Duk da haka, a Janairu 2023 aka sanar cewa masu sha'awa uku, Marcel Drechsler ɗan Jamus, da Xavier Strottner da Yann Sainty ƴan Faransa, sun gano wani makeken baka na hasken oksijin kusa da shi, wanda manyan cibiyoyi ba su taɓa lura da shi ba. Madubin da aka yi aikin da shi bai fi santimita 11 ba, amma an tara haske na awa 111, kuma ba su yi shela ba sai da wasu madubai a wasu wurare suka tabbatar. Da sun matsa wa hoton da gogewa, da sun share bakan tare da rairayi. Da kuma sun saba barin manhaja ta yi musu zane, da ba wanda zai gaskata su. Gwajin da kowa ke iya yi a gida mai sauƙi ne: a raba hotuna kashi biyu, a tara kowane kashi dabam. Abin da ya fito a duka biyun daga sama yake. Wanda ya fito a ɗaya kaɗai hayaniya ne. Ɗanyun hotunan kuma a adana su, domin su ne shaida.

Dare da tsaro

Akwai wani cikas da ba a cikin kamara yake ba. Ran 6 ga Fabrairu 2015 mayaƙan Boko Haram suka kai hari Boso da Difa. Cikin ƴan kwanaki aka kafa dokar ta-ɓaci a jahar, tare da hana fitar dare da hana hawan babur, dubban iyalai kuma suka bar ƙauyukan bakin kogi suka yi sansani a gefen babbar hanya mai lamba 1. A ƙasar da ta ga irin wannan, mutumin da ya girke bututu kan ƙafa uku cikin duhun daji yana iya gamuwa da harsashi kafin tambaya. Saboda haka wannan aiki ba na mutum ɗaya ba ne a ɓoye. Na ƙungiya ne, a cikin filin makaranta ko tsakar gida mai katanga, da sanin mai gari da hukuma da jami'an tsaro. Katangar da ke tare fitilar maƙwabci ma riba ce ga hoto.

Fitilun titi masu aiki da hasken rana suna yaɗuwa a garuruwa, kuma ba mai hankalin da zai ƙi su: mai shago, da ɗalibi, da matar da ke dawowa daga asibiti da dare, duk suna buƙatarsu. Abin da za a roƙi magadan gari shi ne su zaɓi fitila mai hula, wadda ke zuba haskenta ƙasa inda ake tafiya, kuma mai launin rawaya-rawaya, domin farin haske mai shuɗi ya fi watsuwa cikin iska. Wannan zaɓi ba ya ƙara kuɗi sosai ranar saye, amma gyara shi bayan an kakkafa turaku yana da tsada.

A Senegal, ƙungiyar masu sha'awar taurari da Maram Kaire ya jagoranta ta yi ƙarfin da a watan Agusta 2018 ta yi aiki tare da hukumar NASA wajen auna wani dutsen sama mai suna Arrokoth, a 2021 kuma aka raɗa wa wani dutsen sunan shi Maram Kaire ɗin. Jahar Difa tana da jami'a tun 2014, tana da malaman fiziks a makarantunta, tana da malaman hisabi masu lissafin masaukan wata 28, da makiyaya masu tafiyar dare da taurari. Abin da ya rage bai wuce kamara ɗaya, da batir, da tsohuwar kwamfuta, da takardar izini ba. Ƙungiyar ɗalibai da za ta riƙa ɗaukar gurbi ɗaya na sama a kowane duhun wata, shekara bayan shekara, tana rubuta rana da awa da zafi, za ta koyi lissafi da haƙuri a lokaci guda, ta kuma bar wa jahar kundin da zai nuna yadda ƙura da hasken gari ke canzawa a samanta. Mai haƙuri, in ji Hausawa, shi ke dafa dutse; a wannan sana'a an ma san tsawon dahuwar, awa 16 ce ga mai son hoto mai tsabta ninki huɗu.